DANDALIN KAYAN KALLO: Kafin Ka Zuba Kuɗinka A "Filasma", Tsaya Ka Ji

 A wannan watan saƙonnin da suka fi yawa sun fito ne daga yammacin Kano, wato Gwarzo da Getso da Kutama da Kabo da Garo, kuma kusan duk tambaya ɗaya suke yi: "Na tara 'yan kuɗina ina so in sayi talabijin na bango, wanne zan ɗauka?" Wani ango ne da biki ya matso, wani manomi ne da ya sayar da masara da waken suya, wani kuma ɗan gidan kallo ne da tsohon akwatinsa ya gaji.

Tambayar ba ƙarama ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemi matsayinta a kasuwa, duk wani kaya da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Kuɗin da matashi zai ba da a kan talabijin a yau guminsa ne na watanni, kuma idan ya yi zaɓen tumun dare, ba mai mayar masa. Don haka ku gyara zama.

DA FARKO, BA "FILASMA" BA CE

A bakin mutanenmu duk wani talabijin shafaffe da ake maƙalawa a bango sunansa filasma. To, a gaskiya filasma wata fasaha ce daban, kuma ta riga mu gidan gaskiya. A cikin gilashinta akwai wasu ƙananan ɗakuna masu ɗauke da iskar gas, idan wuta ta ratsa su sai su yi haske. Hotonta yana da kyau ƙwarai, sai dai tana da nauyi, tana zafi, ga shan wuta kamar raƙumi ya samu rijiya. Manyan kamfanonin da suke ƙera ta, wato Panasonic da Samsung da LG, duk sun daina a shekarar 2014. Ke nan duk wata filasma ta gaskiya da za ka gani a kasuwa yau ta haura shekara 10 a duniya, kome ƙyallin da aka goga mata.

Abin da yake cike da shaguna a Kasuwar Sabon Gari yanzu dangin LCD ne. Yadda yake aiki ba wuya. Ka ɗauka an kunna fitila a bayan asabari. Fitilar tana ci kullum, asabarin ne yake buɗewa ko ya rufe domin haske ya wuce ko a tare shi. A talabijin ɗin, asabarin nan miliyoyin ƙananan tagogi ne, kowace da launinta. Na farko-farko suna amfani da dogayen fitilu irin fuloresan a baya. Da aka canza fitilun zuwa 'yan ƙananan ƙwayaye masu ƙarancin shan wuta, sai 'yan kasuwa suka raɗa masa sabon suna, LED. Saboda haka LED ɗin nan LCD ne da aka sauya wa fitila, ba wani abu ba.

QLED, wanda Samsung ta tallata sunansa tun 2017, kuma yanzu Hisense da TCL ma suna yi, shi ma ɗan gidan ne. An ƙara masa wata shimfiɗa ce ta musamman tsakanin fitila da gilashi wadda take sa launuka su fito rangaɗau, ja ya zama ja, kore ya zama kore. Akwai kuma Mini-LED, mai dubban ƙananan fitilu da ake iya rage hasken wani yanki a bar wani.

OLED ne kaɗai ya fita daga dangi. Shi ba fitila a bayansa, kowane ɗigo na hoton shi ne fitilar kansa, idan ana son baƙi sai ɗigon ya mutu gaba ɗaya. Shi ya sa idan aka nuno dare a fim, dare ne sosai. LG ta fito da mai inci 55 a 2013. Amma kash, kuɗinsa ya ninka na LED sau da yawa, kuma yana da wata lalura: idan tambari ya daɗe a wuri guda, kamar tambarin tasha a kusurwa ko allon ƙwallayen da aka ci, inuwarsa tana iya zaunawa a gilashin. Mai gidan kallon da yake kunna tasha ɗaya daga safe har dare, ba nasa ba ne. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, ya kalle shi a shago ya yi masa fatan alheri.

Wato dai zancen mai ƙaramin aljihu a kan LED zai tsaya, ko QLED mai sauƙin kuɗi idan hali ya yi.

TAMBAYI WUTARKA KAFIN KA TAMBAYI MAI SHAGO

Wannan shi ne inda mutumin Kabo ya bambanta da mutumin da yake zaune a Landan yana rubuta sharhin talabijin a intanet. Kowa ya san halin wutarmu. Ba mu manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da galibin jihohin Arewa suka yi kwana da kwanaki cikin duhu saboda matsalar manyan layukan wuta. Da yawan gidaje a ƙauyukanmu da sola ko ɗan ƙaramin janareta suke kallo. To a nan lissafin wat yake da amfani.

A bayan kowane talabijin akwai takarda da aka rubuta yawan wutar da yake sha. LED mai inci 32 yakan sha kamar wat 30 zuwa 50. Mai inci 43 yakan kai 60 zuwa 90. Tsohuwar filasma mai inci 42 kuwa tana iya lashe wat 200 ko fiye.

Bari mu yi lissafi. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kimanin wat 1,200 na awa guda. Idan irin na dalma ne, ba a so ka zuƙe fiye da rabinsa in kana son ya yi ƙarko, ke nan saura 600. Inbata ma za ta ci nata rabon, a bar maka kamar 500. Talabijin mai shan wat 40 zai yi maka kusan awa 12 a kan wannan. Filasma mai shan 200 kuwa awa biyu da rabi ta gama da shi, tun ba a kunna fanka ba. Ka ga ke nan filasmar da aka sayar maka da araha, a batir da mai za ka biya ragowar kuɗinta. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Wanda yake kan sola zalla ya nemi irin talabijin ɗin da ake rubuta wa AC/DC, mai karɓar bolt 12 kai tsaye daga batir. Wannan ba ya buƙatar inbata, don haka babu asarar wuta a hanya. Galibinsu daga inci 19 zuwa 32 ne, kuma ga ɗaki guda sun wadatar.

GIRMA DA ZANCEN 4K

Ana auna incin talabijin ne daga kusurwa zuwa kusurwa, gilashin kawai, ban da firam. Inci 32 santimita 81 ne, inci 43 kuma 109, inci 55 kuwa 140. Ka tafi kasuwa da tef ɗin tela a aljihu, domin a cikin kayan da ba su da asali akan samu kwali ya ce 43, gilashi ya ce 40. Gani ya kori ji.

Ga ɗaki irin namu mai ƙafa 12 kowane ɓangare, inda mai kallo yake zama kamar mita 2 zuwa 2 da rabi daga bango, inci 32 ya isa, inci 43 kuwa ya ƙayatar. Inci 55 sai babban falo ko gidan kallo.

Sai zancen tsabtar hoto. Hoto ɗigo-ɗigo ne, kuma yawan ɗigon shi ne tsabtarsa. Wanda aka rubuta wa HD yana da ɗigo 1,366 a kwance da 768 a tsaye. Full HD yana da 1,920 da 1,080. Shi kuma 4K yana da 3,840 da 2,160, wato ɗigo sama da miliyan 8, ninki huɗu na Full HD. Mai shago zai yi ta buga maka gangar 4K, amma ka tambayi kanka abu biyu.

Na farko, idonka zai gani? A talabijin mai inci 43, idan ka ja da baya ka wuce mita 2, da wuya ido ya raba Full HD da 4K. A inci 32 kuwa HD ma ya ishe ka.

Na biyu, me za ka zuba masa? Nan ne gizo yake saƙar. Mu masoya finafinan Hausa muna da tarihi mai tsawo, tun daga Turmin Danya na 1990 a kaset, zuwa zamanin Sangaya da Wasila, zuwa faifan CD da aka riƙa sara a Ƙofar Wambai da Bata. Hoton faifan VCD ɗigo 352 ne da 288, wato dubu 101 da 'yan kai. Idan ka ɗora shi a kan 4K, dole talabijin ya ja kowane ɗigo ya cike gurbin kusan 80. Sakamakon? Fuskar jarumar da kake so ta koma kamar an zana ta da gawayi an yayyafa ruwa. Iya girman allon, iya fitowar aibin. Haka ma finafinan da ake turo maka a memori a shagon 'yan dawunlodin, da yawansu an matse su ne domin waya. Sababbin shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So da Kwana Casa'in da Daɗin Kowa an ɗauke su da kyamarori na zamani, suna fitowa fes a Full HD. Amma ka sani kallon 4K ta intanet yana iya cin gigabayit 7 a awa ɗaya, alhali matsakaicin hoto bai cika wuce 1 ba. Ga shi kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Wani abin lura, tsofaffin finafinanmu an ɗauke su ne da fasalin tsohon akwati, mai kusan murabba'i. Idan talabijin ya baje su suka cika bango, sai ka ga Ali Nuhu na zamanin Wasila ya yi faɗi kamar an danne shi. Shiga saitin hoto ka zaɓi 4:3, ka haƙura da baƙin da zai fito dama da hagu, mutane su dawo siffar da Allah ya yi su.

MASU ZAMA A GEFE

Ga wani sirri da mai shago ba zai gaya maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Gilashin LED iri biyu ne manya. Akwai VA, mai baƙi sosai idan kana zaune daidai saitinsa, amma da ka koma gefe sai launi ya koɗe. Akwai kuma IPS, wanda baƙinsa yake ɗan yin toka-toka a cikin duhu, amma ko daga gefe ka kalla launin yana nan.

A gidajenmu ba mutum ɗaya yake kallo ba. Maigida yana kan kujera, uwargida tana bakin gado, yara sun baje a tabarma suna ɗaga kai, 'ya'yan maƙwabta suna leƙe daga bakin ƙofa. A irin wannan gida IPS ya fi dacewa, haka ma gidan kallo mai dogayen benci. Saurayin da yake kallo shi kaɗai a shagonsa da dare, VA zai fi yi masa daɗi. Ba sai ka haddace sunayen ba. A shago ka tsaya a gabansa, sannan ka taka zuwa gefe, ka kuma durƙusa ka kalle shi daga ƙasa. Idan fuskar mutum ta yi fari fat, ka san wanda kake tare da shi.

MAI INTANET KO MARAR INTANET?

Talabijin mai shiga intanet da kansa, wanda ake kira simat, yana da daɗi idan akwai sabis mai ƙarfi da kuɗin data. LG tana amfani da webOS, Samsung da Tizen, Hisense da VIDAA, TCL da wasu da dama kuma da manhajar Google. Amma masu arahar cikinsu ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce, bayan shekara biyu ko uku sai su fara nauyi, ka danna rimot ka jira kamar mai jiran motar kasuwa ta cika. Idan kuɗinka bai kai ba, gara ka sayi marar intanet mai kyakkyawan gilashi, daga baya ka haɗa masa ɗan akwatin Android ta kafar HDMI. In akwatin ya tsufa ka canza shi, talabijin yana nan.

Abin da bai kamata ka yi sassauci a kai ba su ne kafofi. A samu HDMI aƙalla biyu, da kafar USB mai karanta fim daga filash, da kafar nan mai ja da fari da ruwan ɗorawa idan har yanzu kana da na'urar DVD. Ka duba ko an rubuta T2 da S2 a kwalin. T2 yana kama tashoshin dijital da eriya, kuma an ƙaddamar da wannan tsari a Kano tun watan Nuwamban 2021. S2 kuwa yana ba ka damar haɗa wayar dish kai tsaye ka kama tashoshin kyauta ba tare da dikoda ba. A garuruwan da suke nesa da birni irin namu, dish ya fi eriya tabbas.

Kada a manta da sauti. Shafaffen talabijin ba shi da cikin da zai ɗauki babbar sifika, kuma fim ɗin Hausa ba ya cika sai da waƙa. Idan muryar Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ta fito kamar daga cikin gwangwani, rabin daɗin ya tafi. Ka ƙure sautin a shago ka ji ko yana kakkarwa, ka kuma tabbatar akwai kafar haɗa sifika ta waje.

SABO, NA HANNU, DA NA BOGI

Na hannu, wanda ake kira tokumbo ko ɗan Kwatano, ba laifi ba ne in ka san abin da kake yi. Wanda ya fito daga Ingila wutarsa ɗaya da tamu, bolt 230. Na Amurka kuwa an yi shi ne domin 120, na Japan 100, don haka sai ka ga an rubuta 100–240V a bayansa kafin ka jona, in ba haka ba ƙauri za ka ji. Kuma na Amurka ba ya kama tashoshinmu da eriya, sai ta dikoda. Ka kuma tuna fitilun bayan gilashi suna da wa'adi, kuma ba ka san awa nawa wancan Baturen ya ci daga ciki ba.

Babban haɗarin shi ne na bogi, wato gilashi marar asali da aka liƙa wa sunan babban kamfani. Alamominsa: sunan yana ɓantaruwa da farce, rimot ɗin ba tambari, lambar da take jikin kwali ta saɓa da ta bayan talabijin, farashin kuma ya yi daɗin da ya wuce hankali. Gara ka sayi ƙaramin suna na gaskiya mai waranti da ka sayi babban suna na ƙarya. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.

RANAR SAYE

Ka tafi da filash ɗinka, ka zuba masa abu huɗu: fim ɗin Hausa sabo, tsoho guda, hoto fari sol, da hoto baƙi ƙirin. Shaguna suna kunna bidiyon furanni da tsuntsaye da aka shirya domin jan ido, kuma suna ƙure haske. Kai fuskar mutum baƙar fata za ka duba, ta fito da launinta, ba ja-ja ko kore-kore ba. Farin hoton zai tona maka matattun ɗigo da tabo. Baƙin zai nuna maka inda haske yake yoyo ta gefe. A buɗe kwalin da za ka tafi da shi a gwada a gabanka, ba na kan kanta ba. A rubuta lambar talabijin ɗin a jikin rasit, a buga hatimi a katin waranti, ka kuma tambayi inda ake kai gyara a Kano. Ka zaga shago uku kafin ka ciro kuɗi.

Kada ka ƙarar da kuɗin duka a kan gilashi. Shawarata, cikin kowace Naira 10 ka ware 2 domin sitabilaiza ko na'urar nan mai yanke wuta idan ta yi yawa, da ƙarfen maƙalawa, da kuɗin mota. Mai inci 32 da yake da kariya ya fi mai inci 43 da wuta za ta ƙone ranar da aka dawo da ita da ƙarfi.

Sai hanya. Daga Kabuga zuwa Gwarzo tafiya ce ta kimanin kilomita 70, ta Rimin Gado. Talabijin a tsaye ake ɗaukarsa cikin kwalinsa, ba a kwantar da shi, ba a ɗora masa buhu, ba a ɗaure shi a bayan babur. In ta kama ka biya masa kuɗin kujera, ka biya. Gilashin da ya tsage ba ya cikin waranti, kuma kuɗin canza shi ya kusa kuɗin sabo.

Idan ya iso gida, a maƙala shi daidai idon mai zaune, ba can kusa da silin ba, a bar masa sarari a baya ya sha iska saboda zafin bazara. Da hunturu a rufe shi da ƙyalle idan an kashe, a goge da busasshen tsumma mai laushi, ban da fesa ruwa. Da damina idan hadari ya haɗo, a zare filogi da wayar dish, domin tsawa ta nan take shigowa. Sannan ka shiga saiti ka rage hasken fitilar baya zuwa kamar rabi. Za ka rage shan wuta, fitilun kuma su daɗe. In wata rana ka ji sauti babu hoto, kada ka yar da shi, sau da yawa fitilun ne suka mutu, kuma masu gyara suna canza su.

A taƙaice, mai sola da ɗaki ɗaya ya ɗauki LED inci 32, AC/DC in ya samu. Ango mai ciki da falo ya nemi inci 43 Full HD mai kyan kallo daga gefe. Mai gidan kallo ya tafi inci 55, a nan 4K yake da ma'ana, kuma ya zuba kuɗi a kariyar wuta. Tsohuwar filasma kuwa a bar ta ta huta.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba sifikoki da kayan sauti na masu ƙaramin ƙarfi. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Mu kwana nan, Allah ya sa a saya a sa'a.